Hannun da Zai Shimfiɗa Gadon Assunta

Litinin, 2 ga Satumba 1968, da hantsi

An tsayar da rana. Lahadi ta uku nan gaba 'yata Assunta za ta shiga gidan Gerardo. Jiya Fada ya kira sunayensu a coci gaban kowa, kuma babu wanda ya ɗaga baki. Sauran abin da ya faɗa ban ji ba, murna ta toshe mini kunne. Na hango mijina Canio a gefen maza yana murɗa hularsa kamar zai matse ruwa daga cikinta.

Malamar da ta koya mana karatu a ajin manya ta ce in riƙa rubuta ko layi biyu ne, kada hannuna ya manta. Na kai girman nan ina zana gicciye a madadin sunana. To yau ga abin rubutawa ya samu. 'Yata ta fari za ta yi aure, kuma ni Rachele da hannuna nake rubuta shi.

Aiki kuwa sai wanda ya gani. Garin alkama, ƙwai, sukari, ragon da Canio yake turkewa tun bazara. Maƙwabta sun fara aiko da kujeru tun ba a tambaye su ba. Ninetta autata ta ce in zauna in sha ruwa kada in faɗi kafin ranar. Ta ina zan zauna?

Laraba, da la'asar

Mun buɗe adaka. Tun Assunta tana rarrafe na fara tara mata lilin. Zannuwan gado, rigunan matashi, tawul, mayafan tebur, duk mun baza su a ɗakin sama kan igiya da kujeru, matan unguwa suna ta shigowa kallo. Goggo Rusina, yayar Canio, ta kafa kujera a bakin ƙofa. Duk wadda ta miƙa hannu sai ta ce mata ta je ta wanko shi tukuna, nan ba tattasai ake sayarwa ba.

Donna Vincenza uwar ango ita ta zo daga ƙarshe, cikin baƙaƙen kayan da ba ta cire ba tun rasuwar mijinta. Gerardo ne kaɗai ɗanta. Ta ɗauki babban zanen, na daren farko, wanda Ninetta ta yi wa surfanin zangarniyar alkama a baki. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta juya bayansa tana neman ƙulli. Ta ce ba laifi. Wanda ya san matar nan ya san "ba laifi" ɗinta ya fi yabon mata goma.

Daga nan ta yi maganar gado. Ranar Alhamis kafin biki za a shimfiɗa shi, kamar yadda aka saba. 'Yan mata biyu da ba su san namiji ba, ɗaya daga wajensu, ɗaya daga wajenmu. Mu manyan mata mu tsaya da hannu a baya, amarya kuwa ko leƙe. Daga wajensu Lucietta, 'yar ɗan'uwanta. Daga wajenmu ta ce Ninetta take so, ba wata ba.

Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Ninetta tana riƙe da farantin kofunan gahawa, sai kofunan suka hau kaɗawa. Ɗakin ya cika da mutane, zafi ya yi yawa.

Juma'a, bayan abincin rana

Yau ranar taralli. Tun duku-duku muka kwaɓa, ni da Assunta muna murzawa muna naɗe su kamar zobe, Goggo Rusina tana tsoma su a tafasasshen ruwa kafin a kai tanderun unguwa. Gobe a shafa musu farin sukari su bushe. Gidan duk ƙamshi, har kare ya ƙi barin bakin ƙofa.

Gerardo ya leƙo wai ya kawo mana itace. Goggo ta dubi itacen ta dube shi, ta ce ƙato kamarsa da 'yan ƙirare uku, ko dai ƙarfin yana ajiye wa wani aikin ne? Yaro ya yi ja har kunnuwa. Assunta ta jefi goggonta da ƙullu, ya manne mata a goshi, ita kuwa ta cire ta jefa a tukunya ta ce ba a ɓarna a gidan ƙaninta. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Ninetta ta fita tsakar gida da gudu sau biyu. Ta ce warin man zaitun ne. A cikin man nan aka haife ta.

Asabar, da rana

Zafin tanderu ne ya dami Ninetta. Ba komai.

Lahadi, da yamma

Konfetti, alewar biki, sun iso daga birni, farare tas, sukarin ya rufe ƙwayar almond ɗin ko tsaga babu. Muka zauna kewaye da tebur muna ƙulla su a tsumman raga, biyar-biyar, don biyar ba ta rabuwa gida biyu. Canio ya wuce ya saci ɗaya, ya dawo ya sake sata, Assunta ta ce Baba in haƙorinka ya fita kada ka ce mini komai, haka za ka kai ni coci da wawulo.

Babu wanda ya tambayi Goggo Rusina, amma ta kawo labarin wata a ƙauyen hayin kogi. Wai yarinya ta shimfiɗa wa 'yar'uwarta gado alhali ba ta cancanta ba, ta ɓoye. Amaryar ta tsufa ko ɓari ba ta taɓa yi ba, mijin ya tafi Amirka bai dawo ba. Assunta ta ce wataƙila daga mijin ne. Goggo ta ce, "Yi dariyarki, 'yar nan. Ni da idona na ga matar, ta bushe kamar tattasan bara."

Da na zo jera ƙullin a kwando na ji na Ninetta sun yi sauƙi a hannu. Huɗu-huɗu ta zuba. Sai da muka kwance su duka. Ta ce hankalinta ne ya tafi. Zafi ne, Satumban bana ba sauƙi.

Talata, da hantsi

Ni nake wanki a gidan nan. Na san abin da kowace 'ya tawa take sakawa a ƙasan kwando, da lokacin da take sakawa. Na Assunta na nan. Na tsaya a wurin wanki hannuna cikin ruwa ina lissafi da yatsu, na sake, na kuma sakewa, mata suna yi mini maganar biki ina cewa i, i. Tun Yuli.

A Yuli ne ɗan mai gyaran takalma ya tafi Suwizalan neman aiki. Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗaya abin ma ba zan rubuta sunansa ba. Na san haruffan, na san yadda ake haɗa su. Ba zan haɗa ba.

Laraba, da la'asar

Rigar amarya! Tela ta kawo ta cikin farin ƙyalle kamar jaririya. Da Assunta ta sa, ni da Goggo muka kama kuka lokaci ɗaya, ita Goggon da ko a jana'izar mijinta sai da aka zungure ta. Assunta ta nufi madubi, muka yi ca a kanta, sai da ta cire takalmi ɗaya tukuna, don amarya ba ta kallon kanta a cike kafin ranar. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana tangaɗi tana cewa Mama ni ce wannan? Ke ce. Wallahi ke ce.

Ta Ninetta shuɗiya ce. Maɓallin ƙugu ya ƙi shiga. Tela ta ce ka ga mai satar taralli, yanzu an kama ta. Kowa ya yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Alhamis, da rana tsaka

Na sami Ninetta ita kaɗai a soro tana shirya jan tattasai a zare. Na ce Ninetta kalle ni. Ba ta kalle ni ba. Na tambaye ta ko ɗan mai gyaran takalman ya sani. Ta ce ta rubuta masa, bai amsa ba tukuna, wataƙila sun canja wurin kwana. Allurar tana ta shiga tattasai tana fita, hannun bai tsaya ba.

Ta ce, "Mama, kada Baba ya ji sai bayan bikin Yaya."

Hannuna ya tashi. Ban san yadda aka yi ba, a kan gashinta ya sauka, ya zauna a nan.

Yanzu ga inda nake. In ta taɓa zanen nan, na zuba wa Assunta abin da ruwa ba ya wankewa, da sanina. In na cire ta, kafin rana ta faɗi duk gari ya san dalili, don dalili ɗaya ne ke sa a cire yarinya daga gado. Su biyun nan ne suka rayu mini.

Asabar, da yamma

Canio ya sayo sababbin takalma, yana ta zirga-zirga da su daga ƙofa zuwa murhu wai su saba da shi kafin ranar. Ƙara suke yi kamar ana yanka agwagwa. Ya riƙe tsintsiya a hammata a madadin amarya, yana gaishe da bango hagu da dama. Ya yi magana da mai kiɗan akodiyan, ya ɗanɗana ruwan inabin bara ya ce ya isa a ba bishop. Mutumin nan da ba ya haɗa kalma biyar a yini, yau baki ya ƙi rufuwa.

Da muke cin abinci ya buga tebur ya ce wa ya kai shi a garin nan, 'ya ɗaya amarya, ɗaya kuma Donna Vincenza da kanta ta zaɓe ta a gado. Ya ja kumatun Ninetta. Na tashi na ce miya tana ƙonewa. Babu miya a wuta.

Lahadi, bayan coci

Na kunna wa Uwar Yesu kyandir biyu. Na durƙusa na rasa abin da zan roƙa.

Litinin, da la'asar

Na yi dabara, ba ta ci ba. Da safe na naɗe wa Ninetta hannun dama da farin tsumma har gwiwar hannu, na aika a gaya wa uwar ango mai ya ƙona ta wajen suya. Wa zai zargi ƙuna a makon biki?

Kafin a ɗora abincin rana sai ga Donna Vincenza da kanta, da ɗanyen dankali a aljihu wai a yanka a ɗora. Ta ce a kwance ta gani. Na ce mai magani ya hana a buɗe. Ta dubi tsumman, ta dubi yarinyar tun daga sama har ƙasa, ba gaggawa. Goggo Rusina ta yi caraf ta ce ai jikar maƙwabciyarta tana nan, yarinya kamar madara, sai a sa ta.

Donna Vincenza ta ce, "Hannu ɗaya ya isa. Lucietta ta ja, ita ta riƙe. Ninetta na ce."

Ta ajiye dankalin a tebur ta tafi. Goggo ta ce matar nan ko Fada ba ya juya ta. Muka soya dankalin.

Talata

A al'adarmu ba a fara komai ran Talata. Na wuni zaune da tunani, gara aiki.

Laraba, da magariba

An kai kaya. Mata a jere, kowace da kwando a ka, zannuwa a buɗe don a ga surfani, tukwanen tagulla suna walƙiya, katifun ulu biyu a kan alfadarin Canio da aka ɗaura wa jan kirtani a goshi. Muka bi ta babban titi, ba ta gajeriyar hanya ba. Mutane a tagogi suna watso alkama, mai aski ya fito da kumfa a hannu yana tafi. Na tafi a gaba kaina a sama. Na ɗan lokaci na manta da komai, Allah ya sani na manta, na ji kamar ƙafata ba ta taɓa dutse.

Da muka dawo na zauna da Assunta muna murza taliya a jikin siririn ƙarfe, ta ranar biki, tire bayan tire. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mama, ki cire mata tsumman nan, abin ya isa. Gado ɗaya muke kwana ni da ita. Kin zaci sai da kwandon wanki zan sani?"

Ƙarfen ya faɗi daga hannuna. Ta ce ita ƙanwarta take so ta shimfiɗa mata, ba ta tsoron labaran Goggo. Na ce mata gadon ba nata ba ne ita kaɗai. A gidan matar nan yake, ɗanta guda ne a duniya, kuma ta amince da mu. Sai idonta ya kawo ruwa, ta ce to in na faɗa, matar ta ce an fasa fa? Ga kaya an riga an kai, duk gari ya gani.

Na sunkuya na ɗauki ƙarfen. Muka ci gaba da murzawa. Taliyar ta yi kyau, ko ɗaya ba ta karye ba.

Alhamis, da asuba

Ba zan tsaya a ɗakin mata da hannu a baya da ƙarya a baki ba. Zan gaya wa Donna Vincenza kafin a taɓa zanen. Abin da za ta yi, ta yi.

Alhamis, da yamma

Bari in rubuta a hankali.

Gidan ya cika da mata. An ajiye komai a kan kujera kusa da gadon ƙarfe: zannuwa, shinkafa, konfetti, ɗan ƙullin gishiri da almakashin da za a tura ƙarƙashin katifa saboda bakin mutane. Lucietta ta sha kitso tana ta washe haƙora. Ninetta tana jingine da bango da tsummanta, fuskar nan kamar gari.

Na ce wa Donna Vincenza ina son ruwa. Ta shige gaba zuwa madafa, na bi ta, ta tura ƙofa da ƙafa. Ba ta ba ni ruwan ba, ta ɗauki wuƙa ta hau yanka cukun da za a ba baƙi.

Na ce, "Uwar ango, akwai abin da ya kamata ki ji kafin a taɓa zanen nan. Ninetta ba ƙonewa ta yi ba."

Ta ce, "Uwar amarya, a bayanta nake zama a coci. Ina da ido."

Na dafa tebur. Na tambaye ta, to me ya sa, tunda ta sani. Ta ci gaba da yanka, yanka ɗaya kamar ɗaya. Ta ce nata gadon 'yan mata biyu suka shimfiɗa shi, tsarkaka kamar ruwan baftisma, uwar mijinta ta tantance su da kanta. Ta shekara da shekaru tana jira, ta hau dutsen Uwar Yesu ba takalmi har ƙafarta ta yi jini, kafin ta samu ɗa guda, kuma daga shi ba a ƙara ba. Uwar mijin nata ma guda ta samu.

Ta ajiye wuƙar ta juyo. Ta ce, "Tsarki ya yi mana yawa a gidan nan, Rachele. Kukan jariri ne babu. Bar ta ta taɓa da hannu biyu."

Na ce to al'ada fa?

Ta ce, "Al'ada ta ce ni da ke mu tsaya da hannu a baya mu yi shiru. To mu yi shiru."

Ta ɗora mini farantin cuku a hannu. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce bayan biki in gaya wa Canio da bakina, kada ya ji a shagon aski. Wannan ba roƙo ba ne, yadda ta faɗe shi.

Muka koma ɗaki. Ta je gaban Ninetta ta kama hannun, ta warware tsumman gaban kowa, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce dankalinta bai taɓa ba ta kunya ba, ya warke sarai. Goggo Rusina ta leƙo ta ce ikon Allah, ko tabo. Ban kalli Goggo ba.

Lucietta ta kama gefe, Ninetta ta kama gefe. Suka kaɗa zanen ya tashi sama ya cika ɗakin da ƙamshin adakata, ya sauko a hankali. Ninetta ta bi shi da tafin hannu tana lallashi daga tsakiya zuwa baki, ta gyara zangarniyar ta zauna daidai. Hawaye na zuba mata, mata suka ce ƙanwa ce, dole ta yi kewar yayarta. Aka watsa shinkafa, aka jera konfetti a kan matasai, aka fara waƙa. Ni da Donna Vincenza muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, hannu a baya.

A bayan nan na yi alamar gicciye da babban yatsa a tafin hannuna. Ban san wace ce mai gaskiya ba, ita ko Goggo. Allah ya sani. Amma ban yaudari kowa ba, kuma Lahadi akwai biki. Akwai biki!

Litinin, da hantsi

An yi. Jiya ko fensir ban gani ba.

Canio ya kai Assunta coci a ƙasa, takalman suna ta kukansu, babu wanda ya ji saboda akodiyan. Yara sun tare hanya da farin kirtani, Assunta ta yanke shi tana dariya. Da suka fito aka rufe su da alkama da konfetti har Gerardo ya kare fuska da hula. An sha romo, an ci taliyarmu har an suɗe tire, rago ko ƙashi bai yi saura a banza ba, soyayyen tattasai yana ƙaras-ƙaras a kowane baki. Goggo Rusina ta yi rawa da Fada har gyalenta ya faɗi. Donna Vincenza ba ta tashi ba, amma na ga ƙafarta tana bugawa a ƙarƙashin baƙin siket. Ninetta ta yi zagaye ɗaya da babanta, sannan ta zo ta zauna kusa da ni ta ci abinci sosai, karo na farko a makonnin nan.

Gidan ya yi shiru yau. Kujerun mutane na nan a tsakar gida, sai an mayar. Canio ya tafi gonar inabi tun safe yana fito. Na ɗaure masa sauran nama da burodi da kwalba a ƙyalle. Ninetta ta miƙa hannu za ta kai masa kamar kullum, na ce ta zauna, yau ni zan kai.

Zan bari ya ci tukuna.